Fatoma Mai Loma Uku

Duk wanda ya san karar shanu ta Tambuwal shekaru goma da suka wuce ya san Na'iya, don ba mutum ne da ido zai tsallake ba. Fatoma ne ɗan fatoma, wato gidansu ne masaukin Fulanin da ke koro shanu daga dazukan Kebbe. Su sauka a zaurensa, su ci, su kwana, gari na wayewa ya shige gaba ya kai su kara ya tsaya musu a ciniki. In ya dafa bayan sa ya ce lafiyayye ne, an gama magana. In ya ce wa mai shanu ya sallama, sai ya sallama ko da ransa bai so ba. Ba shi da shago, ba shi da garke, maganar bakinsa ce duk jarinsa.

Tun yana saurayi ubansa ya koya masa cewa fatoma ba ya aika wa baƙo abinci ya koma cikin gida. Zama yake yi a sa hannu a kwano ɗaya, kuma shi ne na ƙarshen tsame hannu. In ayari uku suka sauka a yini guda, to Na'iya ya ci tuwo sau uku ke nan, ban da na gida. In kuma shi ya je ruga, ƙwaryar da aka miƙo masa ba ta komawa sai an ga gindinta. Fulani suka so shi a kan haka ƙwarai. Amma kada a ɗora wa sana'a laifin duka, Na'iya yana son abinci tsakaninsa da Allah, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Kafin ya cika hamsin jiki ya rufe shi ruf. Ranar da sikelin asibiti ya kasa, 'yan hatsi suka ɗora shi a nasu suna dariya, aka tarar ya kai buhun gero ɗaya da rabi har da ɗoriya. 'Yan kabu-kabu in suka hango shi sai kowa ya tuna yana da wani uzuri. Salla ta koma kan kujera a ƙarshen sahu. Daga zaure zuwa kara, tafiyar da yaro ke yi kafin koko ya huce, sai ya huta sau huɗu. Suga ya zo, hawan jini ya biyo baya, ga wani miki a ɗan yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa. Shekara bakwai bai taka rugar Maccido ba, dattijon da ya fi kowa shanu cikin baƙinsa, wanda tun zamanin uban Na'iya a gidan yake sauka, kuma duk inda ya sauka nan sauran ke bi. A kara Na'iya ne mai barkwanci, shi ke fara yi wa kansa ba'a kafin wani ya yi masa. A ɗaki kuwa matarsa Zahara'u ce kaɗai ta san sau nawa ya yi hawaye don ya kasa kai hannu ya wanke ƙafarsa.

Ƙanensa Siddiƙ, wanda ke aiki a Abuja, ya zo hutun Babbar Salla ya same shi yana barcin ƙailula. Ya tsaya ya ji yadda numfashin ke ɗaukewa, shiru, shiru, sannan ya dawo da gurnani. Bai bar garin ba sai da yayansa a mota. A wani asibitin kuɗi likita ya zana musu hoto a takarda, ya ce za a yanke mafi yawan tumbin a bar ɗan siriri kamar ayaba. Na'iya ya tambaya ko babu allura, ko ƙwaya, ko rubutu ma in suna da shi. Likitan ya duba mikin ƙafar ya ce ko dai a rage cikin yanzu, ko nan gaba a rage ƙafar. Sai ya sa hannu.

Sharaɗi ɗaya ya kafa wa Siddiƙ da Zahara'u, kada kowa ya ji. Ya san 'yan kara, don shi ne shugaban masu laƙaba wa mutane suna. Namijin da aka farke wa ciki saboda ya kasa riƙe bakinsa, ai sunan da za a sa masa sai jikokinsa sun gada. Don haka da ya dawo Tambuwal aka ce gwiwa aka yi wa aiki, har Zahara'u ta naɗa masa bandeji a gwiwar don 'yan dubiya.

Maccido ya zo dubiya da goran man shanu. Ya zauna ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da yake wa saniyar da ta ƙi kiwo, sannan ya ce, "Na'iya, mi anka yi maka can?"

Da Na'iya ya yi shiru, ko ya ce sai a hankali, da babu abin da zai faru. Amma baki ya saba da ciniki, kuma a kara magana ba ta zama sai an ɗaure ta. Ya ce, "Wallahi gwiwa anka yi ma aiki, Baffa." Maccido ya ce Allah shi sawwaƙe, ya sha ruwa, ya tafi.

Watannin farko sun yi daɗi, ba za a ƙi faɗa ba. Nama ya riƙa zubewa, mikin ya kame, aka rage masa maganin suga. Wata Juma'a ya ture kujerar ya shiga sahu, goshinsa ya taɓa ƙasa karon farko cikin shekara bakwai, ya daɗe bai ɗago ba don kada na kusa su ga idonsa. Tela ya rage masa riguna sau biyu. Ya sayi babur yana tuƙa kansa, fatar damatsansa na kaɗawa cikin hannun riga. 'Yan gari suka raba kansu, wasu suka ce sammu ne, wasu suka rage murya suka ambaci wani ciwon. Wannan bai dame shi sosai ba.

Abin da ya dame shi kwano ne. Sabon cikin ba ya karɓar fiye da loma uku, ta huɗu sai ta tsaya masa a ƙirji kamar an cusa dutse. Ba a haɗa ci da sha. Zaƙi da maiƙo kuwa, likita ya gargaɗe shi, za su kayar da shi. To, ga baƙi sun sauka, Zahara'u ta turo tuwon dawa da miyar kuka, Na'iya ya zauna ya yi bisimilla, loma uku, ya tsame hannu. Bafulatani kuwa da kunya aka yaye shi, ba zai ci gaba da ci mai gida ya daina ba. Sai su ma su tsame, su ce alhamdulillahi sun ƙoshi, mutanen da suka wuni suna bin shanu a ƙasa. Kwano ya koma ciki da tuwo fiye da rabi. Ya gwada jan lokaci, yana murza loma ɗaya har ta yi sanyi, suka lura. Ya gwada cewa yana azumin nafila, amma Litinin da Alhamis biyu ne kawai a mako. Ya gwada aika musu abincin ya zauna ciki, wannan ya fi duka muni.

Kuma lokacin bai yi kyau ba. Daji ya ɓaci, kullum ana jin an tare hanya ko an kore shanu, wasu 'yan gari sun fara kallon duk mai sanda da ido ɗaya, har akwai gidajen da suka daina sayen nono. Baƙin Na'iya ba su tambaye shi komai ba, ba halinsu ba ne. Sun dai haɗa abin da suka gani da abin da ake yi musu a hanya, suka ce ɗan fatoma ma ya fara ƙyamar haɗa hannu da su. Ɗaya bayan ɗaya suka koma sauka wurin Saminu, wani dillali a bakin tasha. Maccido da 'yan gidansa ne suka rage, wasu dattawan kuma suna jira su ga abin da zai yi.

Zahara'u ta yi magana har ta gaji. Ta ce ya kira su ya ɗaga riga kowa ya huta, ciwo ai ba sata ba ne. Ya ce mata, "Na rantse ma Maccido, Zahara'u. Abin da nika tsoro ke nan. In nic ce ƙarya niy yi, da wane baki za ni tsayawa bayan bijimi a kara?" Kowane wata da ya wuce maganar na ƙara nauyi, ya rasa gaba ya rasa baya.

Bayan an cire amfanin gona Maccido ya aiko cewa sun sauka kusa da Fakku, akwai bijimai da za a fitar, kuma dattawa na son ganinsa. Na'iya ya gane ba bijimai kawai za a duba ba. Ya hau babur ya isa da hantsi, ya tarar da su su shida a kan tabarmi ƙarƙashin wata tsamiya. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gwiwa. Sai ga Atu, matar Maccido, da ƙwarya fal, fura an dama da kindirmo mai kauri, an zuba suga ba tausayi don girmama ɗan birni. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

Kafin ya kai hannu Maccido ya jawo ƙwaryar, ya ɗebi ludayi guda ya sha, ya ɗebi na biyu ya sha, sannan ya tura masa. Na'iya ya ji kamar an mare shi. Dattijon da ya ɗauke shi a kafaɗa yana yaro, yau shi ne ke nuna masa cewa ba a sa masa komai a abinci ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya ajiye ludayin ya ɗaga ƙwaryar da hannu biyu kamar yadda ya saba a da. Ya sha, ƙirji ya toshe, ya daure ya ƙara, har ya kai kusan rabi. Fuskokin dattawan suka fara saki, wani ma ya yi dariya ya ce ga Na'iyansu ya dawo.

Ba a daɗe ba zufa ta karyo masa. Zuciya ta riƙa bugu, itacen tsamiyar ya fara juyawa. Ya yunƙura zai zaga bayan bukka, ƙafa ta ƙi, nan gefen tabarmar ya dawo da furar Atu duka a gaban mutum shida. Wani ya tashi ya ɗebo ƙasa ya rufe wurin, sauran suka kawar da kai, Atu ta ɗauki ƙwaryarta ta shige.

Maccido ya sa aka kai shi inuwar bukka, ya sallami kowa, ya zauna yana masa fifita da malfa har idonsa ya washe. A nan Na'iya ya ɗaga riga ya nuna masa tabo biyar ƙanana a fatar da ta yi yaushi, ya faɗa masa komai, da ayabar, da loma ukun, da tsoron sunan da za a sa masa a kara. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya sa yatsa ya taɓa tabo ɗaya a hankali.

"Da ka faɗi, da cokali munka ba ka, mu ci namu," in ji shi. "Mun kwan da yunwa gidanka ba sau guda ba, muna cewa ƙyama ta." Sannan ya ce, "Ran da kac ce wallahi, ka san ba gwiwa ba ta?"

"Na sani, Baffa."

Maccido ya gyaɗa kai. Ya ce nono ba komai ba ne, an zubar da wanda ya fi wannan. Ya ce amma mutanen can suna jira, kuma shi ba zai yi musu ƙarya ba, sai dai ya yi shiru su tafi da cewa cikin ɗan fatoma ba ya riƙe abincin Fulani, ko kuma ya faɗa musu gaskiya su san yadda rantsuwarsa take. Ya ce Na'iya ya zaɓa. Na'iya ya juya maganar ta kowane gefe bai ga ƙofa ba, ya ce a faɗa musu.

Aka faɗa musu. Suka tausaya masa matuƙa, suka yi ta addu'a, Atu ta kawo masa ruwan ɗumi tana ba shi haƙuri kamar ita ta yi laifi. Har bakin hanya suka rako shi, ana ta ce masa ya bi a hankali. Maganar bijimai ba wanda ya tayar.

Jajibirin kasuwa sai ga Maccido da shanunsa a ƙofar gidan, kamar kullum. Na'iya ya ji sanyi a ransa har ya rasa inda zai sa kansa. Aka kawo tuwo, ya yi lomarsa uku ya tsame hannu, dattijon ya ci gaba da ci a natse har ya suɗe kwanon, ya aika wa Zahara'u godiya. Da safe Na'iya ya riga kowa shiri, ya sa sabuwar riga, ya fito zai shige gaba. Maccido ya saɓa sandarsa, ya dafa masa kafaɗa da taushi.

"Zamna ka huta, ɗana. Saminu za shi tsaya muna yau. In mun ƙare muna dawowa mu ci abinci."

Na'iya ya tsaya a bakin zaure yana kallon bijiman suna wucewa ɗaya bayan ɗaya har suka sha kwana. Sannan ya koma ciki ya ce wa Zahara'u ta ɗora tukunyar rana, ta ƙara gari, baƙi za su dawo da yunwa.