Hannun Daman Desmond

Kawuna Desmond Tully ya shekara arba'in yana gyaran shingen tumaki a yammacin garin Longreach. Kullum yana tuƙa akori-kurarsa da hannun dama a waje ta taga, har rana ta mai da hannun kamar kilishi. Da wani baƙin tabo ya fito masa kusa da gwiwar hannu, 'yarsa Noelene ta matsa masa ya zo birnin Brisbane, inda take aiki a asibiti da sabuwar na'ura mai duba fata da wani haske marar ƙarfi.

Ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya ƙi shiga.

Noelene ta naɗe hannun riga, ta sa nata hannun ƙarƙashin na'urar. "Baba, ka gani? Ko ɗumi babu. Ba komai."

"Haka aka ce wa kakanki lokacin da yake soja, aka gwada bam ɗin nukiliya a hamada," in ji shi. "Wai ya juya wa hasken baya kawai, ba komai. Ni na ɗauki gawarsa, yarinya."

Ya koma ga shingensa, ko likitan da ke jiransa bai gani ba. Ashe tabon ciwon daji ne, bayan wata goma sha ɗaya muka binne shi. Taurin kan tsohon nan har yau yana ba ni haushi, don hasken da ya kashe shi na rana ne, kuma da kansa yake buɗe masa taga kowace safiya.

Yanzu duk tsohon da ya toge a ƙofa, Noelene takan naɗe hannun riga ta nuna masa. Sai dai ta daina cewa ba komai.