Goggo Mai Buga Takardu da Tsohon Akwatin Saiti

Idan ka shiga shagon buga takardun da ke ƙasan benen, kafin ka ga Goggo za ka ji ta. Ƙas-ƙas-ƙas, sai ɗan shiru, sai wani ƙas mai ƙarfi in ta kai ƙarshen layi. A kan keken rubutu ta koyi aikin tun tana budurwa, lokacin da wanta ya buɗe shagon, shi ya sa har yau take dukan madannai kamar sun yi mata laifi. Da wannan dukan ta ciyar da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, da shi ta kai su makaranta har suka kama gabansu. Ɗalibai masu kundin kammala karatu, masu neman aiki, tsofaffi masu ƙorafin ruwan famfo, duk teburinta na kusurwa suke nufa. Kowa Goggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, domin haka ɗan wanta yake kiranta. Shi ya gaji shagon da mahaifinsa ya rasu. Ita kuma Manaja take ce masa, rabi girmamawa, rabi tsokana.

Idanunta ne suka riga hannuwanta gajiya. Farin haske yana sa su ruwa, siririn rubutu kuma yana narkewa a gabanta. Tabarau ya yi iya nasa, sauran ta gyara da kanta a tsohuwar kwamfutarta. Akwai wani ɗan akwatin saiti a cikinta, in ka buɗe shi sai ya nuna maka hoton fuskar kwamfutar a ƙarami, ka taɓa ɓangaren da kake so ka canza shi shi kaɗai. A nan Goggo ta mayar da farar takarda kore mai sanyi, ta kaurara rubutun umarnin da ke jere a sama, ta faɗaɗa sandar gefe da ake ja sama da ƙasa. Shekara da shekaru haka take aiki, ba wanda ya san da ciwon sai ita da likitanta.

Sai Manaja ya sayo sababbin kwamfutoci. Yana da gaskiyarsa, ita ma ta sani. Tsofaffin sun daina buɗe fayil ɗin da mutane ke kawowa, in ka kunna su kuwa sai ka sha shayinka ka wanke kofi kafin su farka.

Da safe Goggo ta zauna gaban tata, farin haske ya mare ta. Ta lalubi inda akwatinta yake zama. Babu. Ta shiga nan, ta fita can, babu.

"Manaja, ina suka kai min akwatina?"

"Wane akwati, Goggo?"

"Wanda nake gyara launi da kaurin rubutu."

Ya zo ya sunkuya a kafaɗarta, ya buɗe sabon wurin saiti, ya ja wata 'yar sanda. Komai ya kumbura lokaci guda, har maɓallin ajiye aiki ya faɗa ƙasan fuskar ya ɓace. Ya mayar, ya gwada wani. Fuskar ta koma baƙi ƙirin, rubutu rawaya.

"Ɗan nan, takarda nake bugawa, ba allon talla ba."

"To Goggo, wancan sun cire shi. Sabuwar manhajar ba ta zo da shi ba."

"Sun tambaye ni?"

"Su wa?"

"Su masu cirewar."

Ya yi dariya, a zatonsa wasa take. Ba ta yi ba.

Ta ci gaba da aiki da hankici a cinya, ta buga layi ta share ido. Yatsun ba su manta komai ba, amma mai buga takarda sai ya duba abin da ya buga, dubawar ce ta gagara. Kafin sati ya zagayo ta tsallake sakin layi guda a kundin wata ɗaliba, ba ta gani ba, aka buga, aka ɗinke da bango. Yarinyar ta dawo tana kuka a tsakiyar shago, malaminta ya maido mata. Manaja ya ba ta haƙuri, ya zauna ya sake aikin da hannunsa, bai ce wa Goggo uffan ba. Da ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi.

Da yamma, bayan an rage mutane, ya zo ya durƙusa gefen kujerarta kamar yadda yake yi yana yaro in ya fasa abu.

"Goggo, ki huta haka nan. In watan nan ya ƙare ki zauna gida. Duk abin da kike buƙata yana wuyana."

"Ka gama?"

"Ba korar ki nake yi ba, wallahi."

"Na sani. Jingine ni kake yi, kamar tsintsiyar da ta ƙare." Ta cire tabarau ta goge a gefen mayafi. "Idona bai mutu ba, Manaja. Abin da yake jingina da shi aka zare. Tashi, gwiwarka za ta yi datti."

Washegari mai sayen tsofaffin kaya ya iso da amalankensa, domin Manaja ya tara tsofaffin kwamfutocin a ɗakin baya. Yana ɗauka yana lodawa, har ya zo kan ta ƙarshe, ya tarar da Goggo zaune daram a kanta, ta harɗe hannu.

"Goggo, ɗan ɗaga," in ji mutumin.

"Ɗauki har da ni. A kilo kake saye ko?"

Mutumin ya waiga yana neman ceto. Manaja ya shigo, ya dube ta, ya dubi mutanen da suka fara leƙowa daga ƙofa.

"Goggo, mutane na kallo."

"Su kalla, ba kuɗin shiga. Wannan sama za ta, wajen Sukurdireba. Ko ka ɗauka, ko in ɗora a ka in hau benen nan a gaban kowa."

Shi ya ɗauka.

Sukurdireba mai gyara ne, abokin marigayi wanta tun suna samari. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin, yanzu kwamfuta, kuma tun wancan zamani ba a raba shi da abin da ya ba shi sunan, kullum yana saƙale a bayan kunnensa. Ɗakinsa na ƙaurin dalma. Matattun fuskokin kwamfuta sun jeru a bango har rufi, ga wani tsohon kofi cike da ƙananan kusoshi a kan tebur, ga fanka mai juyawa tana tari.

"A'a, ƙanwa. Ke da kika rantse ba za ki sake hawo benen nan ba."

"Har yanzu ban yafe rediyona ba. Larura ce."

Ta faɗa masa komai a tsaye. Ya saurara yana sosa sanƙo.

"Wato ba kwamfutar kike so ba. Abu ɗaya kike so a cikinta."

"Abu ɗaya. Sauran a kai wa mai amalanke."

"Su masu manhajar sun ce tsohon yayi ne."

"Ni da kai ma tsohon yayi ne, ga mu muna biyan haya."

Ya kwance cikin kwamfutar, ya zaro faifan ajiyarta, ya jona da tasa. Ya daɗe yana tono a lungunan da Goggo ba ta taɓa sanin akwai su ba, kafin ya ce, "Ga ɗan banzan nan." Ya kwafe shi a filashi, su uku suka sauko. Ya soka a sabuwar kwamfutar, ya danna. 'Yar kibiyar da ke kan fuskar kwamfutar ta ɗan yi juyi, ta tsaya. Ba abin da ya buɗe. Ya sake dannawa. Shiru.

Manaja ya sauke numfashi a hankali. "Kin gani ko, Goggo? An gwada."

"Sau ɗaya aka gwada." Ba ta ko dube shi ba, ta juya ga Sukurdireba. "Malam, da sauran dabara, ko ƙaryar ce ta ƙare?"

"Ki bar ni in yi tunani, mace sai ka ce ƙararrawa." Ya ciro sukurdireban daga kunne ya ɗan buga a haƙori. "Ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai wani ɗan fayil da ke riƙe masa kalmominsa, yana wani lungu daban. Na ɗauko mutum na bar bakinsa a gida."

Ya koma sama. Goggo ta bi shi tana dafa bango, wai kada ya yi barci a hanya. Da suka sake saukowa ya ajiye biyun wuri ɗaya, ya danna. Wani ɗan akwati ruwan toka ya bayyana a tsakiyar farin hasken, ƙarami, mai kusurwoyi, kamar baƙon ƙauye a ɗakin taro.

Goggo ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa gilashin. "Kai ne nan?" ta ce a hankali. Ta karɓi linzamin kwamfutar daga hannunsa ba ta nemi izini ba. Ta taɓa takarda, ta zaɓi korenta. Ta taɓa rubutun sama, ta kaurara. Ta faɗaɗa sandar gefe. Aka kashe kwamfutar aka kunna. Takardar bugawa ta zo kore mai sanyi, rubutun sama ya yi ɓul-ɓul, amma wasu wuraren sun tsaya a farinsu, ko gezau.

"Rabi ya ji, rabi ya ƙi," in ji Sukurdireba.

"Rabin da nake aiki a kai ya ji."

"To saurara, kada gobe ki ce na cuce ki. Wannan manhajar tana sabunta kanta. Duk ranar da ta yi babban sabuntawa, za ta iya share duk abin da kika saita ta koma farinta."

"A toshe mata sabuntawar."

"A'a." Manaja ne, kuma wannan karon muryarsa ba ta rawa. "Takardun mutane ne a ciki, Goggo. Ba zan bar kwamfuta ba kariya ba saboda launi. Ki riƙe akwatinki, na yarda. Amma ba za a toshe komai ba, kuma ba za a riƙa tsayar da aiki ana jiran Baba Sukurdireba ya sauko ba."

Ta dube shi sosai, har ya fara sunkuyar da kai. Muryar ubansa ta ji a ciki, ba ta dai faɗa masa ba.

"Ka yi magana. Malam, koya min yadda zan maido da saitina da kaina."

Sukurdireba ya fara nuna mata da linzami, danna nan, ja can. Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"Ranar da zan buƙaci wannan, fuskar fara ce, ba zan ga kibiyarka ba. Bar idona. Koya wa yatsuna."

Sukurdireba ya yi tsaki, ya ja kujera. Sai da ya zauna ya lalubo yadda za a yi komai da madannai kaɗai, wanne za a haɗa da wanne, sau nawa za a tsallaka kafin a kai kan launi. Yana faɗa tana bugawa, ido a rufe. Ya mayar da fuskar fara da gangan, ta dawo da ita. Ya sake, ta sake. Ta ɓata, ya ce kanta ya yi tauri, ta ce nasa ko gashi ya guje shi. Ba su tashi ba sai da yatsun suka daina jiran bakinsa.

Watan ya ƙare, ba wanda ya tayar da maganar zaman gida. Goggo ta ɗaure filashin a zaren makullan gidanta.

Ana cikin wata na gaba, ta zo da safe ta tarar da farin haske yana jiranta. Kwamfutar ta sabunta kanta, ta share komai. Ga wani dattijo zaune a benci da takardar ƙorafinsa a hannu, yana sauri. Manaja yana bakin injin kwafi, ya gani, ya yi kamar zai taho, ya fasa.

Goggo ta ajiye jaka. Ta lalubi ramin filashi da ɗan yatsa ta soka. Ta rufe ido. Ta fara bugawa, ta tsaya a tsakiya, ta ɓata lissafi. Ta ja tsaki, ta koma farko.

"Baiwar Allah, barci kike?" in ji dattijon.

"Faɗa nake yi, Malam. Ɗan jira."

Ta ƙarasa, ta kashe, ta kunna. Sai da ta ji kwamfutar ta gama farkawa sannan ta buɗe ido ɗaya, ta buɗe ɗayan. Kore.

Manaja ya iso bayanta, ya yi ƙasa da murya don kada dattijon ya ji.

"Goggo, Baba Sukurdireba ya ce wata rana akwatin zai ƙi buɗewa gaba ɗaya. Ranar fa?"

"Ranar ka zo ka durƙusa, mu sake maganar. Yau ya buɗe." Ta miƙa hannu wajen dattijon. "Kawo takardar. Wa ya ɓata maka rai?"

"Masu kwashe shara."

"Zauna sosai. Da kakkausan harshe kake so, ko da ladabi?"

"Da kakkausa."

"Madalla," in ji Goggo, ta gyara zaman tabarau.