Malam Elisha da Ɓarawon Waken Suya

Da damina, rana ba ta gama fitowa sai ka ji kukan babur ɗin Malam Elisha, malamin gona, a hanyar Karakkai. Daga Bungudu yake tasowa, wando a naɗe, ya bi gona gona yana juya ganye yana leƙa bayansa. Wai bana zai ajiye aiki. Ni dai abin ya ɗaure mini kai.

Bara waccan maƙwabciyata Bara'atu ta shuka waken suya, da shi take awarar da ke riƙe gidanta. Tsiro ya fito gwanin sha'awa, sai kullum da safe ta tarar an datse wasu a gindi, sun kwanta. Ta ce akuyar Delu ce. Delu, ƙawarta tun ƙuruciya, ta ce fara ce. Ni na ce gara. Har suka daina gaisawa, gona kuwa tana ta ƙarewa.

Da Malam ya zo, Bara'atu ta tare shi. “Malam, rubuta mini magani, in ko akuya ta, a gaya ma mai ita!”

“Inna, akuya da ta yanke ganye ta bar shi a ƙasa? Azumi take?”

Delu ta ce, “Faɗa mata dai!”

“Ke ma Inna, fara gefen ganye take gatsa, ba gindi ba.”

Ya duƙa ya tona ƙasa da yatsa kusa da tsiron da ya faɗi. Sai ga tsutsa ruwan toka, jibgegiya, ta naɗe kamar zobe. Ya ce a riƙa tono su da safe, a sake shuka inda ya mutu. Delu ce ta fara ɗaure zani ta shiga tono.

Har yau ni kam ban iya rarrabe ƙwarin gona ba. Malam, wannan ƙwaro mai ɗigo-ɗigo ka ce kada a kashe, aboki ne. Wancan kore ka ce maƙiyi. To Malam, in ka tafi wa zan tambaya?

Kai ne mai duƙawa kafin ka yi magana. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka hutu lafiya. Masu zuwa bayanka su yi koyi da kai. Waken ya yi, kuma ranar sussuka Delu ce ta riƙe wa Bara'atu bakin buhu.