Zakaran da Wanzami Ya Buɗe wa Maƙogwaro

A gidanmu na unguwar Bagadaza, ranar da Dada za ta dafa kalwa ita ce ranar tatsuniya. Dada kakarmu ce ta wajen uba, daddawa take yi tana sayarwa, kalwa kuwa ba ta nuna da wuri, sai an yi ta tura mata itace. Da an idar da sallar isha'i sai ta jawo 'yar kujerarta gaban murhu, mu kewaye ta, hayaƙi na shiga mana ido muna murzawa, ba mai tashi.

Ni ne babba a jikokin, amma wurin da ke jikin ƙafarta na Iliya ne, ƙanena. Shi take shafa wa kai tana magana. Idan ta tura rogo cikin toka, na farkon da ya nuna nasa ne, wai shi ne ƙarami. Ni kuwa aikina miƙo itace. Ina miƙowa ina hararsa, shi ko bai ma san ina yi ba.

Dada ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Ludayi take bugawa a bakin tukunya ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Wadda ta fi tsaya mini a wuya ita ce ta zakaru biyu, wa da ƙane, gida ɗaya, tsaba ɗaya. Rannan ƙanen ya tafi wajen wanzami ya ce a cire masa beli, a ɗan buɗe masa maƙogwaro. Ya dawo da asuba ya yi cara, sai da matan ƙauyen gaba suka tashi hura wuta. Wan ya ce a ransa, wannan murya ba ta Allah ba ce, gobe za ta tsage. Ya hau katanga ya karkata kai yana sauraro. Gobe ta yi, ba ta tsage ba. Jibi ma haka. Shi dai yana kan katanga, har ya manta da tasa carar. Sai matar gidan ta yi baƙi, ta dubi zakarun nata ta ce, "Wancan na kan katanga ai ya daina aiki." Aka kamo shi, aka yi farfesu.

Na ce, "Dada, shi mai babbar muryar fa, me ya same shi?"

Ta ce, "Yana nan yana cararsa."

"Ba ta tsage ba?"

"Kai ɗan nan, ni na taɓa ce maka za ta tsage? Turo mini itacen can."

Na yi fushi da wannan tatsuniya. A ganina Dada ta ɓata ta ne don ta kare Iliya.

Muka girma, Dada ta rasu. Ni karatu bai zauna mini ba, na kama ɗinki, kuma har yau kekena na zauren gidan nan, don ni ba mai son yawo ba ne. Iliya shi ne ɗan gari. Allah ya buɗa mana muka sayi motoci 'yan Kwatano iri ɗaya, launi kaɗai ya bambanta. Ranar da na kawo tawa na ɗora Zulai 'yata a gaba, lokacin tana ƙarama, na ce mata, "A cikinta za a kai ki ɗakin mijinki." Ta rufe fuska tana dariya.

Shekara da shekaru muna kunnen doki, sai bara Iliya ya kai tasa unguwar Herwagana wajen Bitrus, wani bakanike Batangale da ke aiki da kwamfuta. Ba wani babban aiki ba ne. An canza mata matatar iska, an sa salansa mai faɗi da sabbin fulogi, sannan Bitrus ya jona kwamfutarsa ya taɓa ƙwaƙwalwar motar. Iliya ya zo zaure yana min bayani da hannu biyu.

"Yaya, da can numfashi take yi da hanci ɗaya. Yanzu iska ta wadata, mai na zuwa daidai da ita. Taka totur ka ji."

Na ce, "Na ji daga nan. Mai kuma sai ka haƙa rijiya."

"Wallahi idan ban matsa mata ba, shan da take yi bai ƙaru ba. Kawo taka a yi mata."

"Tawa lafiyarta ƙalau. Wanda ya ƙera ta ai ba wawa ba ne."

Amma kunnena fa ya ji. Ni ko keken ɗinki ya canza murya ina ganewa, kuma muryar motar nan ta yi kauri, ta yi daɗi, kamar ango ya yi gyaran murya. Da Sallah za mu garin Kwadon gaishe da dangi, yarana kaf suka dunguma motar Baffansu, har da Zulai. Aka bar ni da uwarsu da kular abinci. A hanya ya wuce mu kamar muna tsaye, hannuwan 'ya'yana na ɗaga mini ta taga.

Da muka dawo na ajiye tawa ƙarƙashin dalbejiya, ban sake taɓa ta ba. In zan fita, keke-napep. Ina ce wa mutane mai ya yi tsada. Gaskiyar ita ce ba na son a sake jin motocin nan biyu a layi ɗaya. Duk safiya in Iliya ya tayar, sai in tsayar da ƙafata a kan keke in kasa kunne, ko zan ji ɗan ƙas-ƙas ɗin da injin ke yi kafin ya buga. Har amsar da zan ba shi na tanada, mai taushi, irin ta babban wa. Damina ta zo ta wuce, ban ji komai ba.

Aka sa bikin Zulai, miji ɗan Kwadon. Ban ko tayar da zancen motar amarya ba, na san inda za a nufa. Ana gobe za a kai ta, sai ga ta a zaure da lalle a hannu, ta durƙusa.

"Baba, ba a wanke motar ba."

"Wace mota? Ta Baffanki ai kullum a wanke take."

"Taka. Ba kai ka ce a cikinta za a kai ni ba?"

Na tashi na ɗauko makulli na nufi motar. Na murɗa, ko uhum. Aka aro batir, shiru. Iliya da kansa ya ɗauko Bitrus a kan babur. Bitrus ya buɗe gaban motar, ya haska, ya ɗago wayoyi guntu-guntu.

"Baba Tela, ɓeraye sun yi gida a nan, har sun haihu. Wannan ba aikin yau ba ne, sai an nemo wayoyin."

A motar Iliya aka kai ta. Da za ta shiga ta juyo ta dubi tawa a ƙarƙashin dalbejiyar. Na tsaya a ƙofar gida ina jin muryar injin har ta sha kwana, lafiya lau, ba ƙas ba ƙis.

Yanzu idan na tuna Dada sai in ga ba Iliya take karewa ba. Tana kallon wanda ke miƙo mata itace, ta san abin da ke cinsa, kuma ta san in ta faɗa masa ƙiri-ƙiri ba zai ji ba. Ban ce kishin ya tafi ba, in motarsa ta shigo layi har gobe sai na tsayar da keke na kasa kunne. Amma an gyara tawa, kuma duk Juma'a ni nake tuƙa ta zuwa Kwadon, a hankali, manyan motoci ma na wuce ni. Zulai ta ce tun daga bakin hanya take gane tarin motata, ta ɗora ruwan shayi.