Mutumin da Ya Ƙi Gyara Mini Keke

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talatar da ta wuce, bayan azahar, ina kasuwa ina gardama da wata mata a kan kwaryar doya, sai Bitrus ɗan acaba ya tsaya a gabana ko mashin bai kashe ba. Ya ce, "Oga Ɗanladi, ka ji? Baba Masinja ta rasu." Bitrus mutumin kirki ne, amma Hausarsa irin tamu ce ta Lafia, ba ta cika raba mace da namiji ba. Sai na kama wannan "ta" ɗin na riƙe da hannu biyu. Na ce, "Matarsa kake nufi? Inna Hauwa?" Allah ya gafarta mini, ita ma ta yi haƙuri da ni, amma a wannan daƙiƙar na so ya ce e. Ya kashe mashin, ya cire hula, ya ce, "Shi da kansa." Na nemi wuri na zauna a kan doyar mutane.

Ni ba marubuci ba ne. A aji huɗu na firamare muka rabu baram-baram da malamin lissafi, kuma har yau babu wanda ya nemi wani. Shi ya sa marigayin bai taɓa kirana da sunana ba, sai "Aji Huɗu". Idan an ga rubutun nan yana ɗingishi, a yi masa uzuri, gadon mai shi ya yi.

Sunansa Malam Usman. Ya fi shekara ashirin yana masinja a kotu, yana kai sammaci ƙauyuka a kan keke, tun daga Arikya har bayan Obi. Da ya yi ritaya sai ya kafa rumfar gyaran keke a ƙarƙashin wani mangwaro a bakin hanyar Obi. In aka tambaye shi inda ya karanta doka, sai ya ce, "Ban karanta ta ba, ɗaukar ta na yi." Mutum ne mai ƙarancin magana. Bai taɓa karɓar ko kwabo a kan iskar famfo ba, yana cewa iska ba tasa ba ce. Duk ƙarfen da ya cire a kekenka, ko ya ruɓe, sai ya ƙulle maka shi a leda ka tafi da abinka. Na taɓa jefar da nawa a kwata a gabansa. Ya sunkuya ya ɗauko, ya sake miƙo mini.

Amma abin da aka fi saninsa da shi wata tambaya ce. Duk wanda ya turo masa lanƙwasasshen keke, kafin ya taɓa sai ya ce, "Faɗuwa ko bugu?" In ka ce faɗuwa, ya ɗauko sifana. In ka ce mota ce ta buge ka, to ya mayar da hannunsa baya ke nan. Zai rubuta sunanka da ranar a ɗan kwali, ya ɗaura wa keken, ya rataye shi a reshen mangwaron. Mu masu bakin tsiya muna kiran wurin maƙabartar kekuna. Shi kuwa cewa yake, "Ba matattu ba ne. Shaidu ne, suna jiran a kira su." Na sha yi masa dariya a kan haka, ban san reshena na nan yana jirana ba.

A daminar shekarar da soja suka miƙa mulki abin ya faru. Na taso daga wajen Obi da hantsi, na lafta wa kariyar keke doya har ta fi ni tsawo, ina gefen hanya inda ya kamata in kasance. Akori-kura ta zo ta baya ta kwashe ni. Da na buɗe ido ina cikin kwata, ƙafata ta dama ta kalli inda ba a halicce ta ta kalla ba, ƙashi ya fasa fata a ƙasan gwiwa. Jama'a sun taru. Direban, wani mai suna Ayuba, ya durƙusa yana kuka yana cewa birki ne ya ƙi. To ni ina da wata cuta: ban iya ganin taro in yi shiru ba. Tun da nake ban taɓa samun masu saurare irin na ranar ba. Sai na ɗaga hannu kamar gwamna na ce, "Ba komai, na yafe. Ku dai tsince mini doyata." Aka yi dariya, aka yi ta sa mini albarka, wani dattijo har da cewa irina sun yi ƙaranci a duniya. Da wannan yabon aka ɗauke ni zuwa wurin mai ɗori.

Washegari uwargidana, Maman Rabi, ta sa aka kai keken rumfar Malam Usman. Tunaninta a gyara a bayar haya, mu samu na cefane, don 'ya'ya biyar ba sa cin albarkar dattawa. Ita ta ba ni labarin yadda suka yi.

"Faɗuwa ko bugu?"

"Bugu ne, Baba. Amma ai ya yafe."

"Ba zan gyara ba."

"Baba, da shi muke ci."

"Na sani, 'yata. Shi ya sa."

Ta dawo gida tana hawaye, shi kuma ya biyo bayanta da ƙullin garin rogo a hannu. Ya shigo ɗaki ya yaye zanen da aka rufe ƙafar da shi, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Aji Huɗu, mai ɗori gwani ne a karayar da ba ta fasa fata ba. Wannan ta asibiti ce." Kafin la'asar ya samo mota an kai ni. Ya tsaya a kan ma'aikacin har sai da aka rubuta a kati cewa mota ce ta buge ni, da ranar, da wurin. Daga nan ya wuce caji ofis ya sa aka shigar da rahoto, ya je inda abin ya faru ya samo sunan mutum biyu da suka gani da idonsu. Lambar motar kuwa wata mai nono ce ta nuna masa gidan mai ita, ya je ya kwafo da kansa.

Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce ciwon ya fara ruɓa. Ko dai a kai ni Jos a yi aiki a sa ƙarfe cikin 'yan kwanaki, ko a yanke daga gwiwa. Kuɗin aikin kuwa, da za a sayar da ni da keken da doyar, ba za su kai rabi ba.

Kwana biyu bayan haka Alhajin da ke da motar ya zo asibiti da dattawa biyu, da Ayuba a bayansu kansa a ƙasa. Sun zo da goro, da zakara, da ambulan mai kuɗi a ciki, da wata takarda da Turanci. Ba mugayen mutane ba ne, sulhu suka zo yi yadda aka saba. Babban cikinsu ya ce, "Malam Ɗanladi, duk gari an ji abin da ka faɗa a bakin hanya. Ɗan halak ba ya lashe amansa. Ga ɗan abin shan magani, ka dangwala mana hannu a nan a rufe magana."

Kalmar "dangwala" ce ta ɓata mini rai. Ni da na yi aji huɗu a ce in dangwala? Na ce a ba ni biro. Ina da wani sa hannu da na ƙirƙira tun ina saurayi, mai wutsiya kamar ta kunama, ban taɓa samun inda zan nuna shi ba. Na gyara zama, na karkace kai. Malam Usman yana zaune a kan benci a gefen gado tun ɗazu. Ya miƙo hannu ya zare biron daga yatsuna, ya sa a aljihunsa.

Ya ce, "Karanta mana."

Na duba takardar. Na gane sunana, na gane Lafia. Na ce rubutun ne ya yi ƙanana.

Ya karɓa ya fassara a hankali. Takardar na cewa na karɓi abin da ke cikin ambulan, kuma daga yau ba ni da sauran magana da kowa a kan wannan ƙafar har abada. Na ce, "Baba, ai na riga na yafe a gaban jama'a. Kunya ba za ta bar ni in janye ba."

Ya ce, "Wa ka yafe wa?"

"Direba."

"Madalla. Ayuba, ɗago kanka, an yafe maka, babu mai janyewa." Sannan ya juya. "Alhaji, motarka na da inshora?"

Alhaji ya ce, "Tana da ita mana. Duk shekara sai na sabunta, in ba haka ba 'yan sanda ba za su bar yaro ya wuce ba."

"Ka san amfaninta?"

"Amfaninta ke nan na gaya maka."

Malam Usman ya yi murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ce, "Alhaji, don irin wannan ranar kake biya. Doka ta ce in motarka ta ji wa wani rauni, kamfanin inshora ne zai ɗauki nauyin, ba aljihunka ba. Shekara da shekaru kana ciyar da saniya ba ka taɓa tatsa ba." Ya dawo kaina. "Kai kuma, Aji Huɗu, yafiya tsakanin mutum da mutum ce, saboda ranar gobe. Kamfani ba shi da kabari, ba a tashinsa ranar ƙiyama. Me zai yi da yafiyarka?"

Alhaji ya ciro takardar inshorar daga jakarsa yana juya ta kamar yau ya fara ganinta. Allah ya taimake mu ta gaske ce, ba irin ta bayan tasha ba. A nan Malam Usman ya roƙe shi, roƙo na girma da arziki, ya fara biyan kuɗin aikin, in kamfani ya biya ya cire nasa. Alhaji ya ce ya yarda. Zakaran dai mun riƙe.

An yi aikin a Jos. Sauran maganar ta ɗauki wata bakwai, kuma a cikin watannin nan na gaya wa marigayin maganganun da nake jin kunyarsu yau. Na ce masa taurin kansa ne ya hana ni abin da ke cikin ambulan. Na ce ya rataye mini abinci a bishiya. Ba ya ramawa. Sai dai ya ajiye ƙullin gari ya ce, "Haƙuri daban, wauta daban. Kamarsu ɗaya daga nesa." Wata lauya da ya sani tun zamanin kotu ta rubuta wa kamfanin. Suka amsa cewa ni ne na ratso hanya na faɗa wa motar ta gefe, don haka laifina ne. Malam Usman ya sauko da keken daga reshe, ya ɗora shi a saman bas, ya raka lauyar har ofishinsu. Ta ce a kan teburin ma'aikacin kamfanin ya ajiye shi. Tayar gaba lafiya lau, ta baya ta naɗe kamar tabarma, ga shuɗin fentin motar a jikin kariya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga wanda aka buga. Tambaye shi ta ina." Ba a kai ga kotu ba. Suka biya kuɗin asibiti da diyyar watannin da na yi a kwance.

Na je da wani abu a hannu in yi masa godiya, ya ƙi karɓa. Ya ce, "Yanzu dai zan gyara keken." Ya gyara, ya caje ni cif kamar kowa, ko sisi bai rage ba, ya ƙullo mini tsohuwar tayar a leda.

Kada a ɗauka duk mai keke ne yake da gaskiya a wurinsa. Na ga ya ƙi tsaya wa wani da ya hau hannun da ba nasa ba, babu birki, sannan ya zo yana so a rataye masa keke. Ya ce masa, "Haƙƙi ba ya hawa keken ƙarya. Kawo in gyara, ka je ka ba mai motar haƙuri." Mu da yake tsaya mana ma ba mu tsira daga faɗansa ba, a kan fitila, a kan birki, a kan lodin da ke hana mutum waiwaye. Kuma kullum yana nanata mana kada mu yi jinkiri, don ita ma ƙara tana da lokacinta, in ya wuce ya wuce.

Na samu jana'izar da la'asar. Daga gidansa zuwa maƙabarta tafiya ce mai ɗan nisa, ana karɓa-karɓar makara kamar yadda aka saba. Da na duba sahu sai na ga ba ni kaɗai nake ɗingishi ba. Akwai wani Bafulatani daga wajen Azuba da sanda, akwai wani malamin makaranta mai shanyayyen hannu, akwai waɗanda ban sani ba. Ayuba ma ya zo, furfura ta fara fito masa, ya kama gefen da ke kusa da nawa. Da muka yi nisa wani ya taɓa kafaɗata ya ce, "Malam Ɗanladi, kawo in karɓe ka, ƙafarka." Na ce ya bar ni. Ƙafar ta marigayin ce, ajiya ya ba ni. Da ita na kai shi har bakin kabari.

Allah ya jiƙan Malam Usman, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Inna Hauwa da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin wannan rashi, ya rufa musu asiri, kada ya bar su su nemi mai tsaya musu su rasa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani. Shi kuma da ya tsaya wa marasa gata a nan, ya Allah ka tsaya masa a ranar da babu lauya, babu takarda, sai abin da mutum ya aikata. Amin.