Yayan Matata Ya Zo Jidda Neman Hanyar Gudu da Giya

Edita, ka ba ni fili in faɗi abin da ya raba ni da aikina a Jidda, ba tare da na kama sunan kowa ba. A lokacin ni injiniyan injinan sanyi ne a wani kamfanin adana nama da kifi a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu ta Jidda. Ni da matata da 'yarmu muna haya a wani bene a unguwar Mahjar, kuma iƙamarmu mu duka, wato takardar izinin zama, a hannun kamfanin take. Ni mutum ne mai gudun magana, daga wurin aiki sai masallaci sai gida. Rauni ɗaya nake da shi, wato kunyar surukai. Duk wanda ya fito daga gidan su matata, ko ƙasa ya ce in kwanta ya taka, sai in rasa bakin musawa.

Wata rana matata ta ce yayanta zai zo wani taro a Jidda, kuma a wurinmu zai sauka. Wannan yayan nata ya daɗe a Turai, a gidansu kuwa kallon waliyyi ake yi masa, don shi ne wanda ya fita ya ga duniya. Ni abin da na sani game da shi hotunansa ne a waya. Duk garin da ya je sai ya ɗauki kansa cikin gajeren wando yana gudu, daga baya kuma ya ɗauki kansa da kofi mai kumfa a hannu. 'Yan gidansu kan ce lemo ne. Tun a mota, muna fitowa daga filin jirgi, ya gaya mini cewa shi ba ya sanin gari sai ya yi gudu a kan titunansa ya kuma ɗanɗani giyar da mutanen garin ke haɗawa. Na yi dariya don na ɗauka wasa yake. Mutumin da ya haura hamsin, da furfura a gemu, yana kan hanyar da ke kai mutane Makka, ban zaci zai faɗi haka da gaske ba.

Batun gudu na yi masa iya ƙoƙarina. Bayan asuba na kai shi bakin teku, inda aka shimfiɗa hanya mai kyau don masu motsa jiki, ga iska ga ruwa. Ya taɓe baki ya ce wannan ta masu yawon buɗe ido ce, shi ainihin gari yake nema. Ainihin garin nasa shi ne ya ratsa kasuwar Bab Makka da hantsi, cinyoyi a waje, yana kutsawa tsakanin masu sayar da yadi da mata masu cefane, wayarsa a sama yana ɗaukar fuskokin mutane ba izini. Maƙwabcinmu, wani dattijo Bahaushe haifaffen Jidda wanda kowa ke kira Ammu, shi ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce in yi wa baƙona magana, domin nan ba a wasa da ɗaukar matan mutane hoto. Da na gaya masa cikin ladabi, sai ya ce zama a ƙasar nan ya mai da ni matsoraci.

Batun abin sha kuwa, na yi kamar ban gane ba. Na sayo masa subiya mai sanyi, fara da ja, wadda ake yi da sha'ir, na ce masa wannan ita ce ta 'yan gari. Ya kurɓa ya ture, ya ce kunun yara ne. Na fito masa a fili na ce giya haramun ce, kuma a ƙasar nan laifi ce da ke kai mutum gidan yari, ta jawo wa wanda ya sauke shi. Ya dafa kafaɗata kamar yana rarrashin yaro, ya ce babu birnin da ba shi da ƙofar baya, shi kuma bai taɓa rasa ta ba.

Ranar Juma'a da safe ya roƙe ni in ajiye shi a wajen rumbunan ajiya na Madinar Masana'antu, wai titunan can babu motoci ranar hutu, sun dace da gudu mai nisa. Na ajiye shi, na koma na ɗauko shi kafin azahar. Yana goye da jakar ruwan nan ta masu gudu, mai ɗan bututu da ke zuwa baki. Ashe tun kafin ya zo ya sami wani ta waya, wanda ke dafa abin a ɓoye a bayan wani rumbu, kuma ya zubar da ruwan jakar ya cika ta da shi. A motata ya ɗauko ta. Mun wuce motar 'yan sanda a hanya, har ya ɗaga musu hannu yana murmushi. Bai bi ni masallaci ba, ya ce ya gaji, ya kulle kansa a ɗakin baƙi. 'Yata tana falo tana karatu, bango ɗaya ne tsakaninsu.

Washegari da safe matata ta same shi a ƙasa yana amai, yana dafe da ciki, yana cewa kamar an watsa masa gari a ido. Na tsaya ina ta tambayarsa me ya ci, yana ta kauce-kauce. Ammu ne ya shigo, ya shinshina jakar, ya dube ni ya ce, "Yalla, asibiti. Halas, ba lokacin tambaya ba ne, idonsa ke tafiya." Mu biyu muka sauko da shi daga bene.

A asibiti likita ya tambaye shi abin da ya sha, ya ce masa gaskiya ce kawai za ta ceci ganinsa. A nan na ga ƙarshen mutumin. Ya juyo da fuska wajen da yake jin muryata, ya ce shi bai sha komai ba sai wani abu da mijin ƙanwarsa ya sayo masa a kwalba. Subiyar da ya kira kunun yara, ita ya so ya rataya mini. Matata tana tsaye a wurin, ta ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah." Gwajin jini ya nuna guba ce irin ta giyar da ake haɗawa a ɓoye, asibiti kuma ya sanar da hukuma kamar yadda doka ta ce.

An tafi da ni ofishin 'yan sanda, an bincike gidana da motata, an kira kafilina, wato kamfanin da ya tsaya mini a ƙasar. Abin da ya wanke ni saƙonnin da ke cikin wayarsa ne, da shaidar Ammu da limamin unguwarmu. Ba a tuhume ni da komai ba. Amma shugabanmu a wurin aiki ya ce mini kamfanin abinci ba ya son sunansa kusa da irin wannan magana, kuma da kwantiragina ya ƙare ba a sabunta ba. Muka tattara muka dawo Kaduna, aka cire 'yata daga makaranta ana tsakiyar shekara. Ta yi kuka sosai ranar da ta yi sallama da ƙawayenta.

Shi kuwa an yi masa hukuncinsa, aka fitar da shi daga ƙasar, ido ɗaya ya dushe har yau. A gida ya ce wa dangi zafin rana ne ya taɓa shi saboda yawan motsa jiki. Surukata ta kira ni gefe ta roƙe ni in rufa masa asiri, tunda shi ne babba. Na rufa. Bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba. A wani biki da muka haɗu, na ji shi yana ba samari labarin yadda ya san lungunan Jidda fiye da waɗanda suka shekara goma a cikinta, suna ta jinjina masa.

Abin da na koya shi ne, akwai mutanen da ke shiga garin wasu kamar gidan kallo. Dokar garin, da addinin mutanensa, da abincin wanda ya sauke su, duk ba su kai musu hoto ɗaya daraja ba, don sun san su masu wucewa ne. 'Yan'uwana da ke aiki a ƙasar waje, ku karɓi baƙo ku girmama shi, amma ranar da ya furta abin da zai iya rushe ku, ku yarda da gaske yake. Ku nema masa masauki a wani wuri tun a ranar, ko da yayan matarku ne, ko da gidansu duka za su yi fushi. Fushin surukai yana wucewa. Ni na zaɓi kunya, ga ni yau ina gyaran firjin mutane gida-gida.