Waƙar da Likita Ubbo Ya Yi wa Aaltje

Shekara ashirin da shida na yi ina zaune a bakin ƙofar Likita Ubbo Ritsema, a wani ɗan asibitin masu taɓin hankali da ke gefen Groningen. Ni ce mai ɗaga waya, ni ce mai dafa kofi, amma har yau ban gama gane mutumin nan ba. Dogo ne, ga manyan kunnuwa, kullum a kan tsohon keke, ƙafar wando ɗaya a cuse cikin safa. Jama'ar gari sun san shi da rubuta waƙa. Ni kuwa na san shi da ɓata min takardun magani, don da baiti ya faɗo masa sai ya juya bayan takarda ya hau rubutu.

Abin da ya daɗe yana ɗaure min kai shi ne, mutum ya wuni yana sauraron cikin mutane, amma ka buɗe littattafansa ba komai sai shanu da ruwan sama da itacen tuffa na bayan gidansa. Wata rana na kasa haƙuri.

"Likita, duk abin da kake ji a ɗakin nan, ka rasa wanda za ka yi wa waƙa sai saniya?"

"Geertje, saniya ba ta ba ni amana ba," in ji shi, ya ci gaba da cin burodinsa da cuku.

Bayan mun yi ritaya da shekara biyu, hukumar gari ta neme shi. A nan in mutum ya mutu ba dangi ba aboki, hukuma ke binne shi, sai a sa marubucin waƙa ya karanta masa 'yan baitoci a bakin kabari, don kada a rufe shi shiru. Wannan karon Aaltje Smedes ce, an tsinci gawarta a ɗaki bayan kwana tara. Hukuma ba ta san shekara goma sha tara matar nan tana zuwa wurinsa duk Talata ba.

Sai ga shi a gidana da hantsi, ko waya bai bugo ba, a jiƙe sharkaf.

"Na shiga uku, Geertje. Jibi ne jana'iza. Duk duniya ba wanda ya san ta kamar ni, kuma ko kalma ɗaya ba ni da ikon faɗa."

"Haba Likita, ai ta mutu. Wa zai ji? Daga kai sai mai haƙa kabari."

"Ni zan ji."

"To ka ce a ba wani mana."

"Wani zai shirya mata ƙarya mai daɗi, a rufe ta da ita." Ya zaro fensir. "Abin da ta faɗa a cikin ɗaki nata ne. Ke me kika gani a waje?"

Na ce ni me na sani? Mace ce mai koriyar rigar ruwa, takan iso da minti ashirin kafin lokacinta. Ba ta zama sai kusa da taga. Takan tsince busassun ganyen furen da ke wurin ta zuba a aljihu, wai kada ta ɓata min ƙasa. In na ba ta kofi sai ta riƙe da hannu biyu har ya huce, ko kurɓa ba ta yi. Duk ranar haihuwata kuma sai na tarar da kati a kan tebur, ba suna, amma na san rubutun. Kai, ina ta zuba yana ta rubutu, ni kaina ban san na tara wannan duka ba.

Ran jana'iza mu huɗu ne: shi, ni, mai haƙa, da wani jami'in hukuma mai mura. Likita ya karanta baiti goma sha biyu. Taga, ganye a aljihu, kofi a hannu biyu, kati ba suna. Ciwonta bai shiga ba, abin da ya kawo ta bai shiga ba, amma wallahi sai na ga kamar yanzu za ta turo ƙofa. Jami'in ya fyace hanci ya dube ni ya ce, "Ashe dai tana da ƙawa." Kunya ta kama ni, don ko sau ɗaya ban taɓa taka gidanta ba.

A bakin maƙabarta Likita yana buɗe makullin kekensa na matsa kusa.

"Likita, abu ɗaya tak, ba zan ƙara ba. Me ya sa ba ta shan kofin?"

Ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa, ya ɗago ya dube ni, ba fushi ba komai.

"Geertje, shekara goma sha tara tana zaune a gabanki da kofin a hannu. Ita ya kamata ki tambaya."

Bara shi ma aka binne shi, ya tafi da amsar.